Tsofaffi Biyu, Fasfo Ɗaya

Ban cika awa uku da sauka a Gwanzu, can ƙasar China, ba na tafka wautar da har yau idan na tuna sai na ja hula na rufe ido. Ba fashi aka yi mini ba, ba a yanke mini aljihu ba. Ni da hannuna na ciro fasfona na miƙa wa mutumin da ko sunan ubansa ban sani ba, har da ce masa na gode.

Kafin ku fara dariya, ku tsaya ku ji inda na fito. Sunana Iro, mutumin Kano. Bokona ya tsaya a aji uku, saboda ni da malaminmu mun kasa jituwa a kan bakwai sau takwas. Shekara goma sha tara ina Kuwait, a shagon wani Balarabe mai suna Abu Salim, muna sayar da carbi da darduma da kaskon turare. A can baƙo ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai da kafili, wato ɗan ƙasar da zai ɗauke ka da sunansa. 'Yan ƙasa yawancinsu suna ofis, gwamnati na ba su albashi daga kuɗin mai. Mu baƙi, Indiyawa da Misirawa da irina, mu ne masu ɗauka da saukewa. Ranar da ka sauka kuwa, kafili zai miƙo hannu, ka ɗora masa fasfonka, ya kulle a akwatin ƙarfe. An ce doka ta hana. To, ita dokar ba ta taɓa shigowa shagonmu sayen carbi ba. Idan zan je hutu, a filin jirgi yake ba ni, ina isa Kano maiɗakina ta karɓe ta cusa a ƙasan adaka. Ni da fasfona sai dai gaisuwa a hanya.

Kasuwarmu rijiyar mai ce ke juya ta. Ban taɓa ganin rijiyar da idona ba, amma daga bakin ƙofar shago nake gane lafiyarta. Idan mai ya yi daraja, Balarabe zai shigo ya kwashi carbi mai tsada dozin guda bai tambayi farashi ba, don rabo kawai. Idan ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, a tsayar da gine-gine, a sallami baƙi, wannan Balaraben dai zai zo ya jujjuya carbin roba ya ce zai dawo. A irin wannan shekarar ne Abu Salim ya yi tagumi, ya ce Ba'indiyen da ke kawo mana kaya shi ke shanye romon, tunda duk daga China yake ɗaukowa. 'Ya'yansa babu mai barin sanyin ofis. Ya kuma ji an ce Hausawa sun cika Gwanzu.

"Ya Ibrahim," ya ce, "kai za ka je. 'Yan'uwanka suna can."

Kuɗi bai ba ni ba, ya san hali. Ya ce in zaɓi kaya, shi zai tura wa masu shi kai tsaye. Ya ba ni tikiti da guzuri da fasfo mai bizar kwana talatin.

Tun a jirgi fasfon nan ya hana ni sakat. Na sa shi a aljihun gaba, na ji kowa na kallonsa. Na mayar aljihun gefe, na ji zai zame. Kamar an ba ni riƙon jaririn wani.

Mai tasi ya sauke ni a Tiyanshu, wani dogon bene a unguwar Shawbe, inda baƙar fata ke da shaguna hawa bisa hawa. Ina tsaye da jaka ina zare ido, sai na ji daga baya, "Alhaji, sannu da hanya! Daga ina?" Na juya na ga mutum cikin farar shadda, waya uku a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Bala, aikinsa ke nan, kama wa baƙi hannu. Ya shigar da ni wani ofis, ya ba ni shayi, ya ce otal asara ce, yana da ɗaki a layin Denfen nan kusa. Ya ɗaukar mini jaka da kansa.

A bakin ɗakin ne na yi ta. Na ce, "To Alhaji, a nan garin wa ke riƙe fasfo?"

Ya dube ni, ya dubi fasfon, irin kallon wanda ya tsinci dami a kala. Sannan ya ce, "Ni ne."

Na ba shi. Wallahi na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Kwana biyu yana yawo da ni. Ya kai ni kasuwannin titin Liyuhwa, wajen tashar jirgin ƙasa, wurin wata Basiniya mai carbi da kowa ke ce wa lawban, wato uwar shago. Can na ga carbin da na shekara goma ina rantse wa mutane cewa daga Turkiyya yake, jibge cikin kwali kamar gyaɗa. Na yi istigfari a zuci. Da ta ji daga Kuwait nake, sai ta ciro waya ta nuna mini wani jan layi mai gangarowa. Bala ya fassara mini: wai farashin mai ne, kullum da safe shi take fara dubawa. Idan layin ya hau, Larabawa na yin oda babba, ta ƙara ma'aikata. Idan ya sauko, ta sallame su. Na ce ikon Allah, ashe idan rijiyarmu ta yi tari har a nan ake mura.

Rana ta uku Bala bai zo ba. Na kira waya ta ɗaya, a kashe. Ta biyu, a kashe. Ta uku wata mata ta yi ta surutu da Sinanci. Na lallaɓa Tiyanshu na sami mai ofishin, wani Bakatsine, na ce ina neman abokin aikinsa.

"Wane aboki? Mai farar shadda? Ai cajin waya yake shigowa yi."

Na gaya masa abin da ya faru. Ya ajiye biro, ya kamo hannuna ya kai ni taga. Ƙasa akwai gadar da masu ƙafa ke tsallake titi. 'Yan sanda sun tare bakinta, sun jera baƙar fata suna duba takardu. Wanda ya nuna, ya wuce. Wanda bai nuna ba, a sa shi gefe, ga mota a buɗe.

"Baba, a garin nan ko bayan gida za ka, da fasfonka kake tafiya. Kuma an kai sunanka ofishin 'yan sanda cewa ga inda ka sauka?"

Na ce wane suna?

Ya ce, "Innalillahi."

Kun ga yadda duniya take. A inda na fito, ma'aikacin da aka gani da fasfonsa a hannu shi ake zargi ya gudo daga kafili. A nan kuma wanda ba shi da shi ne abin kamawa. Shekara goma sha tara ina koyon zama mutumin kirki, ashe a Gwanzu karatun nan na shiga motar 'yan sanda ne.

Yadda na sauko daga benen nan ban sani ba. Duk mai shuɗiyar riga ɗan sanda ne a idona, har masu shara. Na shiga lungu na fita lungu, ina bin jikin bango. Ɗakin da aka ba ni ma na kasa gane shi. Ina cikin haka hancina ya kamo ƙanshin daddawa. Na bi shi kamar kare, hawa ɗaya, hawa biyu, hawa uku, har wata ƙofa da takalma a bakinta.

Gidan abinci ne a cikin falo. Mai shi Hajiya Ladi, 'yar Zangon Kumasi, ƙatuwar mace mai murya kamar lasifikar masallaci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Baba, tuwo ko wake da shinkafa?"

Na ce, "Hajiya, ɓoye ni."

Ta ja ni kicin, na ba ta labari. Da na zo wurin "wa ke riƙe fasfo", sai ta saki ludayi, ta dafa bango, ta yi dariya har da hawaye.

"Bai tambaye ka ba?"

"Bai tambaya ba."

"Kai ka ba shi?"

"Har na yi godiya."

"Kai, Baba! Da furfurarka! Akuya ma sai an ja ta take zuwa mahauta."

Ta share ido, ta zuba mini tuwo, ta ce in na gama ga albasa can.

Haka na zama ɗan kicin. Ta sa aka ɗauko mini jakata, ta ba ni tabarma tsakanin buhunan shinkafa. Ni da ko ruwan zafi ban taɓa dafawa a gidana ba, na zama gwanin yankan albasa, kuma ta yi mini rana, don idan ina kuka ba mai tambaya. Duk ƙwanƙwasa ƙofa sai in nemi maɓoya. Wata rana da hantsi aka buga da ƙarfi, aka yi magana da Sinanci. Na faɗa bayan buhu na ja wani na rufa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa. Sai na ji an ɗaga buhun. Wani tsohon Basine ne da tukunyar gas a kafaɗa, yana neman inda zai ajiye. Ya ce, "Nihaw," ashe sannu ce da Sinanci. Na ce, "Ban yi komai ba." Daga ranar duk zuwansa sai ya kawo mini lemo ɗaya, ya sa yatsa a baki, wai shi ma ya rufa mini asiri.

Abu Salim kuma yana kira. "Ya Ibrahim, yaya kaya?" In ce kaya lafiya, ina zagaya masana'antu ne, alhali wuƙa ce a hannuna. Ya ce kasuwa ta ƙara mutuwa, maƙwabcinmu mai agogo ya rufe ya koma ƙasarsu. In kashe waya in zauna ina tunanin tsakar gidana a Kano, da maiɗakina da adakarta. Ita da ba ta yi ko aji ɗaya ba, ba ta taɓa ɓatar da shi ba.

Hajiya ta baza cigiyar Bala, aka ce ya bar gari. Ta ce in je in kai rahoto da kaina. Na ce ta yanka ni da wuƙar nan ya fi sauƙi. A kaina, wanda ya shiga ofishin hukuma ba takarda ba ya fitowa. Kuma kwanakin biza suna zuba. Idan suka ƙare, ko fasfon ya dawo na zama mai laifi, na shiga sahun waɗanda nake ji ana labarinsu a falo, masu shekaru a ɗaki ba sa ganin rana.

"Ranar da ya rage kwana uku," in ji Hajiya, "da kunne zan ja ka har can. Ka ji na rantse."

Saura kwana biyar, da azahar, ina leƙe ta labulen kicin, wani dogon tsoho ya shigo da bandeji a ido ɗaya, ya zauna ya ce a ba shi tuwo. Na ga Hajiya ta tsaya cak da kwano a hannu.

"Malam Isufu? Kai ne a titi da rana tsaka?"

"Ni ne, Hajiya. An yi mini aikin ido."

"Barka. Shekara huɗu sai dai a aika maka abinci. Wane asibiti ne ya karɓe ka ba takarda?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ajiye kwanon a hankali, ta ɗaga murya: "Baba Iro, fito ka ga wani abu."

Na fito da wuƙa a hannu, na manta ban ajiye ba. Muka tsaya muna kallon juna. Tsawonmu ɗaya, farin gemu ɗaya, har tabon salla a goshi. Ya sa hannu cikin riga ya ciro koren littafin nan, ya buɗe, ya dubi hoto da idonsa mai lafiya, ya dube ni.

"La'ilaha illallahu. Ai mai farar shaddar ya ce mini mai shi ya rasu."

Na ce, "Allah ya jiƙaina. Yaushe aka yi jana'izar?"

Falo ya ɗauki dariya, ni kuwa na zauna a ƙasa na rungume fasfon ina sumbatarsa.

Malam Isufu mutumin Damagaram ne. Ya zo sayen kayan babur, harka ta lalace, biza ta ƙare, kunya ta hana shi komawa, tsoro ya hana shi fita. Ga yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Bala ya kawo masa fasfona haya, da shi aka buɗe masa kati a asibiti.

Da ya ji ni Bakano ne sai ya gyara zama, don Damagarawa abokan wasanmu ne. "Ashe ma kayan bawana na ɗauka. To ina laifi?"

Na ce, "Ka ji Badamagare. An kama shi da kayan sata yana neman sarauta."

Muka yi dariya. Sannan ya ce gobe ne lokotoro, wato likita, zai cire bandejin ya duba aikin, kuma katin sunana ne a jiki. Ba fasfo, ba shiga. Bai roƙe ni ba. Ya dai faɗa, ya ci gaba da murza bakin rigarsa.

Na duba fasfon, na duba bandejin. Zuciyata ta ce, Iro, tashi ka gudu. Bakina kuma, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce, "Mu je tare. Kai ka riƙe fasfo, ni in riƙe ka."

Haka muka fita da safe, yana gaba, ina baya riƙe da gefen rigarsa, tsofaffi biyu da takarda ɗaya. Tunda na shiga kicin ban taka titi ba. Kowace mota ta tsaya sai na ce tamu ce. A asibiti ma'aikaciya ta kira sunana, muka miƙe mu biyu. Ya taka mini ƙafa na koma na zauna.

Da ya fito ba bandeji, ya tsaya yana ƙifta ido, yana kallon fitila, yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya juyo kaina ya daɗe yana dubawa.

"Ashe haka kake da muni? Da na sani da ban ari fuskarka ba."

A bakin ƙofar asibiti ya miƙo mini fasfon. Ku ji abin da na ce, don ku san hali zanen dutse ne. Na ce, "Riƙe mini tukuna har mu isa gida, aljihuna ba zurfi."

Mun hau gadar Shawbe, mun kai tsakiya, sai ya tsaya. Da sabon idonsa ya riga ni hango 'yan sanda. Biyu a gaba. Na waiga, biyu a baya. An fara jera mutane.

Nan take lissafin ya zo mini, ni da ban iya lissafi ba. Fasfo yana aljihunsa. Katin asibiti mai sunana yana aljihunsa. Mako uku yana amsa sunan nan. Idan ya nuna, zai wuce. Ni kuma in ce me, da wane baki? Na ji fitsari ya taho. Na saki rigarsa. Layi na matsowa, saura mutum huɗu, saura uku. Bai ko dube ni ba. Na fara salati a bayyane.

Saura mutum ɗaya na ji an kama hannuna ta ƙasa. Ya danna mini littafin a tafi, ya naɗe yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya, ya matse.

"Bakano, riƙe kayanka. Ka koyi riƙewa."

Ɗan sandan yaro ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya buɗe, ya dubi hoto, ya dube ni, ya duba biza, ya ɗaga yatsu huɗu ya nuna mini sama, wato kwana huɗu in tashi. Ya miƙo mini. Ya juya kan Malam Isufu.

Malam Isufu ya buɗe hannuwansa biyu, ya ce, "Meyo." Wato babu.

Ba su daka masa tsawa ba, ba su taɓa shi ba, suka nuna masa gefe. Na tsaya kamar an dasa ni. Malam Isufu ya yi mini alama da kai in tafi.

"Wuce mana. Dama ina so in ga Damagaram da idon nan kafin ya sake rufewa. Ka ce wa Hajiya tuwona na jiya ban ci ba, ta ajiye mini."

Na sauko daga gadar ina kuka, ba albasa.

Hajiya ba ta yi dariya ba ranar. Ta ɗaura gyale ta fita, ta tattaro 'yan Nijar da 'yan Gana da namu, suka san inda aka kai shi, suka shiga bin maganarsa. Da ta dawo ta ce in kawo wandona. Ta yanki ƙyallen buhu ta ɗinka mini aljihu ta ciki, mai zurfi, da maɓalli biyu. Washegari ta raka ni da kanta wurin mai carbi, na zaɓi kaya, Abu Salim ya yi magana da su ta waya. Na bar Gwanzu saura kwana ɗaya. Sai bayan wata biyu Hajiya ta kira ta ce Malam Isufu ya sauka gida, ya rame, amma ido garau. Ya ce a gaya wa bawansa yana gaishe shi.

A takardun wani asibiti a China, an rubuta cewa an yi wa Ibrahim aikin ido an cire masa yana. Ban musa ba.

Abu Salim da kansa ya zo tarona a filin jirgi. Ya rungume ni, ya ce na rame, na ce abincinsu ne. Sannan ya ja da baya ya miƙo hannun dama, tafi a sama, kamar yadda ya saba yi shekara goma sha tara. Hannuna har ya kama hanyar wando da kansa.

Sai na kama hannun nasa na girgiza, na ƙara girgizawa, na tambaye shi iyali da kasuwa da farashin mai.

"Ya Ibrahim," ya ce, "fasfo."

Na ce, "Yana nan lafiya, ranka ya daɗe. Yana gaishe ka."

Ya dube ni, na dube shi. Na ɗauki jakata na yi gaba wajen mota, maɓallan Hajiya biyu suna cizon cinyata.